Motar da na ba Baba kyauta

Assalamu alaikum admin, ina gaishe ki, ina gaida duk masu bibiyar wannan shafi, na gida da na waje. Don Allah a ɓoye sunana. Sunayen da zan ambata ma duk canza su na yi, domin 'yan Arewa da ke wannan yanki ba mu da yawa, kowa ya san kowa. Ina roƙon ku ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Na san ban kyauta ba, ba wanke kaina na zo yi ba, shawara nake nema don kaina ya kulle.

Ni injiniyan kwamfuta ne, ina zaune a Bowie a jihar Maryland da matata da 'ya'yanmu biyu. Kamfanin da nake wa aiki kwangilar gwamnati yake yi, irin aikin da sai an bincike rayuwar mutum kaf kafin a ɗauke shi, kuma lokaci-lokaci ana sake binciken. Akwai wani dattijo a nan da zan kira Baba Sani. Ba danginmu ba ne ko ta nesa. Wani malamina ne a Zariya ya ba shi lambata, shi kuma ya je filin jirgi da tasinsa ya ɗauko ni ranar da na fara taka ƙasar nan da akwati ɗaya. Ya sauke ni a ɗakin ƙasa na gidan da yake haya a Hyattsville, na zauna har na gama karatu bai taɓa yi mini maganar haya ba. Matarsa, Hajiya Rabi, ita ta riƙa ajiye mini tuwo a kula ko yaushe na dawo. Da aurena ya tashi Baba ne wakilina. 'Ya'yana Kaka suke ce musu, ba su ma san ba jininmu ɗaya ba. Wannan mutumin ne na cuta, kuma har gobe addu'a yake mini a kan cutar.

Da na fara samun albashi mai ɗan kauri na sayi mota mai amfani da dizal, ta wani kamfanin Turai da ba zan kira sunansa ba. A lokacin tallarta ake ko'ina, wai ba ta shan mai, ga ƙarfi, ga hayaƙinta tsaf. Na yarda ɗari bisa ɗari, na kuma cika baki. A harabar masallaci, a wajen suna, a wajen walima, duk inda maza suka taru sai na kawo zancen motata, har cewa nake su sunkuya bayanta su shinshina ko za su ji wani abu. Sai ga labari ya fashe cewa ƙarya ce. Kamfanin ya saka wata dabara a kwamfutar motar, tana gane lokacin da ake gwada ta sai ta nutsu ta rage hayaƙi, da an hau titi ta koma fesa guba. Ni da aikina ke nan na fi kowa gane irin muguntar da aka zauna aka tsara. Tsiya kuwa na sha ta. Ina shiga taro za a ce, "Injiniya, ya mai tsafta?" Ina dariya amma raina yana ƙuna. Kamfanin ya ba masu irin motar zaɓi, ko ka mayar musu, ko su gyara maka. Masu hankali suka mayar. Ni girman kai ya hana ni, na ce ai a gyara, in nuna wa mutane ban yi zaɓen banza ba.

Daga gyaran nan motar ba ta sake zama daidai ba. Ta fara shan mai, in na taka sai ta yi kamar tana shawara kafin ta tafi, ga wata fitila da ke kunnuwa a dashbod kullum. In kai musu su riƙe ta, su ce an gyara, bayan ɗan lokaci fitilar ta dawo. Ranar da abin ya kai ni bango muna kan babban titin Beltway, matata na da tsohon ciki, motar ta sauke gudu da kanta a tsakiyar manyan motoci, ina takawa ba ta amsawa, tirela na danna mana hon a baya. Da ƙyar na samu gefe. Matata ta riƙe cikinta tana salati. Na ce a raina 'yan kamfanin ne suka yi ƙarya, ni kuma zan ɗauki wahalar? Wani abokin aikina ya kwatanta mini wani makaniki da ke da gareji a bayan wasu rumbunan ajiya. Ya ɗaga motar ya nuna mini matatar hayaƙi, wani tulun ƙarfe ne a ƙarƙashi da ke kama baƙin toka kafin ya fita. Ya ce, "Wannan ce ke shaƙe ta. In cire in sa bututu miƙaƙƙe, sai a gaya wa kwamfutar cewa tana nan." Na tambaye shi ba laifi ba ne? Ya yi dariya ya ce a Maryland ba a gwada hayaƙin ƙananan motocin dizal, wa zai leƙa? Shi ya yanke ƙarfen, amma manhajar da ke yi wa motar ƙarya ni na ɗora ta da hannuna, da kwamfutata, ina zaune a kujerar direba. Ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Abin da nake zagin kamfanin a kai shi na yi, har ina jin daɗin na iya.

Motar ta dawo kamar sabuwa, na yi shiru ban gaya wa kowa ba, har matata. Ita dai ta riƙa cewa motar tana wani wari, in ce mata haka dizal yake. Bangon garejinmu daidai bakin salansa ya fara yin baƙi, na sayi fenti na shafe. 'Yata babba in na zo ɗaukarta a makaranta sai ta toshe hanci. Duk na gani, na kawar da kai. Abin da ya tayar mini da hankali ba lafiyar kowa ba ce, wallahi kunya nake ji in faɗa, aikina ne. Na fara jin ana kama masu irin wannan gareji, na je neman makanikin ya mayar mini da matatar na tarar da wurin a rufe, wayarsa ba ta shiga. Na sayi wata mota mai fetur, na kai ta dizal ɗin wajen dillalai su karɓa. Mutuminsu ya leƙa ƙarƙashi ya miƙe ya kalle ni ya ce ba za su iya karɓa ba, kuma in da shi ne ba zai sayar wa kowa a haka ba. Na dawo da ita gida na lulluɓe da tamfol. Na san akwai hanyar gyarawa, a sayi sabuwar matata a mayar, amma da tsada, ga tsoron wani makanikin ya fara tambayoyi. Na ce sai wata mai zuwa. Watanni suka yi ta wucewa.

Ana haka tsohuwar motar Baba ta mutu. Ya riga ya bar tuƙin tasi, amma da ita yake kai Hajiya kasuwa da asibiti, da ita yake raba wa mata kayan da take haɗawa, domin sana'arta turaren wuta da humra, duk amaryar da aka yi a yankin nan ta san ƙamshin hannunta. Muna cin abinci matata ta ce, "Baban Amira, ga mota tana zaune a gareji ba ta komai, me zai hana ka ba Baba? Me muka taɓa yi masa da ya kai abin da ya yi maka?" A nan ya kamata in buɗe baki. Magana ɗaya ce. Amma abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne, alhamdulillahi, na rabu da ita, sunana ya fita daga kanta. Na ce wa kaina tsoho ne, ba nisa zai riƙa zuwa ba, in na samu sarari zan karɓa in gyara a ɓoye. Ranar Sallah bayan an sauko daga idi, a gaban jama'a, na miƙa masa makulli. Baba ya riƙe hannuna da hannayensa biyu, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Ɗana, Allah Ya ba ka masu yi maka. Yadda ka rufa mini asiri, Allah Ya rufa naka." Mutane suka amsa da amin. Tun daga ranar aka mayar da ni abin misali, iyaye na nuna wa 'ya'yansu ni. Kun taɓa jin yabo yana ƙona mutum? Ni na ji.

Ga abin da ban yi tunani a kai ba, ko kuma na ƙi yin tunani. Ɗakin ƙasan nan da na zauna a ciki, shi Hajiya ta mayar wurin aikinta, a nan take yini. Ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da gareji, kuma na san ƙofar sarai, ba ta rufuwa da kyau tun zamanina, ƙasanta akwai rata. Baba kuwa yana da ɗabi'ar tsoffin direbobi, lokacin sanyi sai ya kunna mota ya bar ta tana aiki a gareji, ya ɗaga ƙofar waje rabi, ya koma ya sha shayinsa, wai don Hajiya ta shigo ta tarar da ɗumi. Hajiya dama tana da asma, amma mai sauƙi, sai a jima ba ta tashi ba. Sanyin farko bayan kyautar ta fara tari ba ƙaƙƙautawa. Sanyi na biyu aka kwantar da ita a asibiti, na je dubiya na same ta da robar iska a hanci, tana magana tana tsayawa ta huta. Likita ya tambayi me take shaƙa a gida. 'Yarsu Nabila, wadda a nan aka haife ta kuma tana aiki a ofishin lauyoyi, ta ce turare ne, ba wani abu ba. Ta je gidan ta kwashe kaskon turare, kwalabe, itatuwa, komai, ta zuba a baƙaƙen ledoji. Ina wurin. Hajiya na zaune a kan matakala tana cewa, "Nabila, tun kafin a haife ki nake wannan aikin, bai taɓa kwantar da ni ba." Ita kuma tana amsa mata da Turanci cewa Mama ko turare ko ranki, ki zaɓa. Ni aka ba ledojin na kai bola. Na wuce ta gefen motar da su a hannuna, na ga bangon garejinsu ya yi baƙi irin na gidana.

Ban sani ba ko motar ce ta jawo mata wannan ciwo. Wallahi ban sani ba. Wata rana in ce tsufa ne, wata rana in ce ƙila turaren ne da gaske. Amma in turare ne, me ya sa bayan an zubar tarin bai tsaya ba? Me ya sa sai lokacin sanyi yake tsananta? Na yi ƙoƙarin karɓe motar. Na ce Baba mu yi musanya, ka ɗauki sabuwar tawa. Ya ce, "A'a. Wannan daga hannun ɗana ta fito ranar idi, ba na canza ta da komai." Na ce to a ba ni ita in kai sabis, ya ce ai lafiyarta ƙalau, ko fitila ɗaya ba ta taɓa kunna masa ba. Ta ina za ta kunna, ni na hana ta? Abin da na iya kawai shi ne na ce ya daina kunna ta a cikin gareji, ya ce to, amma na san in sanyi ya yi tsanani tausayin matarsa zai sa ya koma. Da tarin ya ƙi tsayawa Nabila ta juya kan mai gidan hayarsu, ta ce fumfuna ce a bango, suka yi ta rikici da bawan Allah da ya yi shekara da shekaru yana zaune da su lafiya. A ƙarshe ta tattara iyayenta ta mayar da su wani bene a Alexandria kusa da ita. Suka bar unguwar da suka tsufa a cikinta, da masallacin da Baba ke zuwa da ƙafa, da maƙwabtan da Hajiya ke hira da su. Ni na ɗauki kujeru, na tuƙa motar kaya, ana ta sa mini albarka.

Alexandria kuwa a jihar Virginia take, kuma a can ana gwada hayaƙin irin wannan motar kafin a ba ta lamba. Da na tuna haka ban tsaya ba. Na samo wani makaniki na kirki, na gaya masa gaskiya, ya ce zai iya mayar da komai amma sai an yi odar kayan an jira. Na biya, na ce ya hanzarta, na shirya zan ce wa Baba ya ara mini motar tawa ta samu matsala. Sai Baba, da bai son ɗora wa kowa nauyi, ya tashi da safe shi kaɗai ya kai ta wurin gwaji. Mai gwajin ya duba ƙarƙashi ya ce akwai abin da babu, ba za ta wuce ba. Baba bai gane bayanin ba, ya kira Nabila. Ina ofis ta kira ni. Ta ce, "Yaya, kana zaune? Motar Baba ba ta da matatar hayaƙi gaba ɗaya. Likitan Mama ya ce wannan hayaƙin zai iya tayar da ciwon mai asma." Na riƙe teburi, na ce shi ke nan, yau asirina ya tonu. Har wani sanyi na ji a zuciyata, kamar an sauke mini kaya. Sai ta ci gaba, "Ka gani? Mutanen kamfanin nan ba su daina ba. Sun ce maka sun gyara, ashe cirewa suka yi don su huta da ƙorafinka. Kai ma cutarka suka yi, Yaya, da 'ya'yanka a cikin motar." Ko kusa bai zo mata a rai ba cewa ni ne. Na buɗe baki in faɗa, abin da ya fito shi ne, "Innalillahi."

Yanzu motar tana ajiye, Nabila ta ɗauki hotunan ƙarƙashinta, ta karɓe makullin, ta ce kada kowa ya taɓa, shaida ce. Kayan gyaran da na yi oda sun iso, suna but ɗin motata, ba su da amfani. Ta yi magana da wani lauya a ofishinsu, za su yi ƙarar wurin da kamfanin ya yi mini gyaran, kuma suna so in yi rantsuwa in sa hannu cewa tun daga gyaran har ranar da na ba Baba babu wanda ya taɓa motar. Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaishe su. Hajiya na kishingiɗe, injin iskarta na aiki a gefe, ta rame har zobenta na juyawa a yatsa. Ta kama hannun rigata ta ce, "Ka yafe mana, ɗan nan. Ka yi alheri ya zame maka wahala, ga shi za a ja ka kotu." Baba ya ce shi bai so a jawo ni cikin wannan magana ba, yaro na da aikinsa da iyalinsa. Nabila ta ce, "Baba, Yaya ba zai ƙi ba. Don Mama ne." Duka ukun suka juyo suna kallona. Na ce in sha Allah. Na fito na zauna a mota na kasa tayar da ita.

In na sa hannu, na rantse a kan ƙarya, na ɗora laifina a kan ma'aikatan da ba su yi ba, kuma na san lauyoyinsu za su sa a buɗe kwamfutar motar, za a ga manhajar ba tasu ba ce, za a ga lokacin da aka ɗora ta. In na ƙi sa hannu ba dalili, Nabila ba yarinya ba ce, za ta gane. In na faɗi gaskiya, aikina zai iya tafiya, domin karya dokar tarayya ce, kuma a aikin nan inshorar lafiyar 'ya'yana take. Matata fa, wadda ita ta ce a ba Baba motar da zuciya ɗaya, ta yaya za ta ɗauki wannan? Amma duk wannan ba shi ne ya fi tsaya mini a wuya ba. Ta yaya zan durƙusa gaban Baba in ce kyautar da ka yi kuka a kanta shara ce na zubar a gidanka? Ta yaya zan kalli Hajiya in ce ina tsaye aka zubar da sana'arki, aka fitar da ke daga gidanki, kina tari ina kawo miki lemo, alhali na sani? Baba na da hawan jini. In maganar ta kayar da shi, na ƙara wani a kan wani. Na yi tunanin in samu Nabila ita kaɗai in gaya mata, in roƙe ta ta janye ƙarar ta rufa mini asiri a wurin iyayenta, to amma wannan ba sake ɗora wa wani kayana ba ne? Kuma wa ya ce za ta yarda, uwarta ce fa a kwance? Na yi istigfari har ba na iya ƙirgawa, amma na san haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Ba na iya cin abinci, matata ta zaci ciwon Hajiya ne ke damuna, tana ta ba ni haƙuri tana cewa ina da tausayi.

Ranar Litinin Nabila za ta zo ta ɗauke ni mu je wurin lauyan. Ɗazu ta turo mini saƙo tana tambaya ko in ta biyo ta taho mini da kofi. Har yanzu ban amsa ba. Don Allah malamai, iyaye, da duk wanda ya san dokar ƙasar nan, wa zan fara gaya wa, kuma da wane baki? Me zan yi?